Wayar da Ke Tsallake Naju

Naju, 19 ga Yuni, 1994

Zuwa ga Yaya Dusik,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ni ma lafiya, sai zafin bana da ya hana kowa sakat, da gwiwar nan tawa da ba ta son tsayuwa gaban injin niƙa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga wadda ke da waya a gida. Na kira shagonka har na gaji, kullum sai a ce ka fita kai siminti. Kai kuwa ba ka buga lambata sai da yamma, lokacin da kiran ke tsallake ni.

Ka tuna abin da ka faɗa min a watan Maris, kana zaune a kan buhun barkono a shagona. Ka ce daga Gwangju inda kake zuwa ƙauyenmu Yongam kiran nesa ne, tsadarsa ce ta sa ba ka jin muryar mahaifiyarka Inna sai jefi-jefi. Amma daga Gwangju zuwa Naju kiran gida ne, daga Naju zuwa Yongam ma haka. Ka ce in na yarda, bayan cin abincin yamma in ɗaga wayata in danna lambobin da ka rubuta min, duk wanda ya kira ni sai kiran ya zarce ɗakin Inna. Ka ce, "Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama, Jongnye, sai ki mayar da abinki." Na yarda ne don Inna. Ita ta riƙe ni shekarar da mahaifiyata ta rasu, alhali ba ta haife ni ba, kakanka da kakana ne kawai suka haɗa uba.

To ruwan nan har yau bai tafasa ba. Da farko ka ce in bar ta a juye har a gama labaran talabijin. Daga baya ka aiko cewa in bar ta sai zan kwanta. Masu gidajen abinci kuwa da yamma suke kira su faɗi yawan man riɗi da garin barkonon da za a kai musu da safe. Biyu daga cikinsu sun koma injin bakin tasha.

Wannan ma da sauƙi. Shekaranjiya mai sayar da kifin da ke kusa da ni ta tare ni gaban mutane, tana murmushin nan nata. Ta ce, "Maman Sanggil, ashe abin farin ciki ya samu ba mu ji ba?" Na ce wane abu? Ta ce, "Na kira ki da yamma, wani mai murya kamar ganga ya ɗauka, ya ce in sake kira gobe, kuna da baƙi." Duk layin masu kifi suka kwashe da dariya. Shekara tara da rasuwar mijina, ko inuwar namiji ba a taɓa gani a ƙofata ba bayan na rufe shago.

Jiya kuma ga takardar ɗana Sanggil daga barikinsu na bakin iyaka. Ya bi dogon layi don ya samu waya, ya kira uwarsa, namiji ya ɗauka. Ya rubuto min: "Umma, in kin yi aure ne ki faɗa min da bakinki, ba zan hana ki ba, amma kada in ji a bakin baƙo." Na karanta na zauna a ƙasa.

Wane ne wannan mutumin da ke ɗaukar wayar Inna? Kuma wace hira ce kake yi da tsohuwar da kunnenta ɗaya ya toshe, tun faɗuwar rana har lokacin barci? Ka ba ni amsa a rubuce. Ni gida gare ni a Naju, ba gadar da ake bi a wuce ba.

Ƙanwarka,
Jongnye

Gwangju, 2 ga Yuli, 1994

Ƙanwata Jongnye,

Na samu takardarki, na ji daɗin cewa kina lafiya. Mu ma lafiya, sai maman yara da hawan jini ke ɗan taɓawa. Ki nemi man zafin nan na kantin magani ki riƙa shafa wa gwiwar.

Na gane inda maganarki ta dosa. Ko gada ce ai masu wucewa suna biya, kuma na yi sakaci. Ga kuɗi won dubu talatin nan a cikin ambulan, ki rage zafi da shi. Da kin faɗa min kai tsaye da ba ki wahalar da hannunki da shafi biyu ba.

Mutumin da kike tambaya Malam Pyo ne, mutumin kirki, yana yawan leƙa Inna. Ke da kanki kin ce ba ta ji sosai, to shi yake ɗauka ya miƙa mata. Matan kasuwa kuwa, in ba su yi da ke ba za su yi da wata. Sanggil soja ne yanzu, ba ɗan goye ba, ki rubuta masa layi biyu ya wuce wurin.

Ki ƙara haƙuri zuwa idin kaka. Akwai abin da nake shiryawa wanda ba na so in faɗa sai ya nuna. Abin da zan iya ce miki kawai, tsofaffinmu sun daɗe a wurin da bai dace da su ba, ruwa ya dake su, rana ta dake su, ba mai kula da su. Ina nema musu wuri mai kyau kusa da gari inda za su huta, kowa ya riƙa kai musu ziyara ba wahala. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da doguwar magana, shi ya sa kike ganin kiran na tsawo. Kada ki taɓa lambobin nan, ki bar su yadda na nuna miki.

Yayanki,
Dusik

Naju, 11 ga Yuli, 1994

Yaya Dusik,

Ina gaishe ka, ina yi wa maman yara sannu da jiki. Ni lafiya.

Ga kuɗinka nan, ko buɗe su ban yi ba daga yadda ka naɗe. Na rubuto maka cewa an zubar min da mutunci a kasuwa, ɗana yana can yana tunanin na ɓoye masa miji, kai kuma abin da ka karanto a ciki shi ne ina roƙon kuɗin shayi? Da kana gabana da na watsa maka su a fuska, yaya ko ba yaya ba.

Na rubuta wa Sanggil na bayyana masa yadda waya ke tsallake gida ta sauka a wani. Bai amsa ba tukuna. Tun da aka shiga zaman ɗar-ɗar ɗin nan a kan iyaka an hana su fita, an hana su waya. Ka ga ke nan damar da ya samu ta jin muryata, wani Pyo ya cinye ta.

Na yi niyyar daina juya wayar daga ranar. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙarshen takardarka. In da gaske kake za ka ɗauko Inna daga gidan nan mai yoyo, ita da tsohuwar ƙanwar mijinta da ke kwance a ɗakin baya, ka kawo su kusa da gari, to ka yi abin da ya kamata ka yi tun shekaru. Damunar bara da na je, kwanuka na tarar an jera a tsakar ɗaki ana tarar ruwa. Ka samar musu ɗakin ƙasa, Inna ba za ta iya hawa bene ba. In an tashi kwashe kaya ka faɗa min, tulunan daddawar wakenta ba a ɗaukar su da garaje.

Saboda haka na haƙura zuwa idi. Amma ka gaya wa Malam Pyo ɗinka, in ya ɗauka ya ji ana neman mai injin niƙa, ya ce nan gidan Inna ne a Yongam, ba ya ce muna da baƙi ba.

Jongnye

Gwangju, 7 ga Satumba, 1994

Jongnye,

Lafiyata ba ta dame ki ba, don haka ba zan ɓata takarda a kanta ba. Ke na san lafiyarki ƙalau, mara lafiya ba ya iya ƙulla abin da kika ƙulla.

Wata biyu ban ji daga gare ki ba, na ɗauka mun fahimci juna. Ranar Litinin da yamma na buga lambarki kamar kullum. Aka ɗauka, aka ce "Mm." Haka Pyo yake amsawa in yana da taba a baki. Na shiga magana. Na ce masa ya riƙe takardun a jakarsa, kada ya bar su gidan Inna. Na ce saura hatimin mutum uku, kuma kada tsoho Gapsu ya ji ko tari sai an kai wa kamfani, don in ya ji zai zauna a kan tudun nan kamar kazar da ke kwanci. Na faɗi wasu abubuwan ma da mutum yake faɗa wa abokin aikinsa. Can sai na ji an yi gyaran murya, aka ce, "Ɗan Mansu, kazar ce ke magana. Ci gaba, ina jin ka."

Baffa Gapsu! Babban danginmu kaf, mutumin da ko mahaifina Mansu bai taɓa zama a gabansa ba sai ya ba shi izini. Lambarki na buga, lambar da na amince da ita. Ba kuskuren ofishin waya ba ne, na tambaya. Ke kika canza inda kiran ke sauka, kika juya shi gidan Baffa, kika zauna kina jiran in faɗa rami.

Kin san abin da kika yi kuwa? Masana'antu suna tahowa gefen nan ko muna so ko ba ma so. Tudun kaburburan dangi yana kan hanyarsu. In ba mu sayar yanzu da daraja ba, gobe hukuma ta karɓe ta ba mu abin da ta ga dama. Ni ne ke riƙe da al'amuran dangi shekara da shekaru, ni ke zuwa ofis-ofis ana wulaƙanta ni, ni ke sayen abin yanka na ranar tunawa da kakanni in kowa ya noƙe. Na samo fili a maƙabartar zamani kusa da Gwangju, da hanyar mota har bakin kabari. Kuma ai na faɗa miki! Na rubuta miki baƙi da fari cewa ina nema wa tsofaffinmu wurin hutawa, kika amsa kika ce na yi daidai. Maganar tuluna da bene da kika kawo, na ɗauka irin surutunku ne na mata.

Yanzu Baffa ya kira taron dangi bayan idi, ya ce in zo da hatimin dangi da duk takardu. Waɗanda na sha wahalar lallashi sun fara janyewa. Ke da aka aurar ga wani gida tun shekara ashirin da wani abu, sunanki ma ba ya cikin masu faɗa a ji a wannan ƙasa, me ya kai ki ciki?

Dusik

Naju, 12 ga Satumba, 1994

Yaya Dusik,

Ni zan gaishe ka, don an koya min gaisuwa. Da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ban samu barcin kirki ba tun farkon wata, amma ina tsaye.

Ka tambayi me ya kai ni. Lauje ne ya kai ni. Ranar Lahadin farko ta wata na rufe shago na hau motar Yongam don in yanke ciyawar kabarin Baba kafin idi, kamar kowace shekara. Ka san ba shi da ɗa namiji, in ban je ba ba mai zuwa. Na hau gangaren nan da gwiwata, ina isa sai na ga jajayen tutoci an kakkafa daga bakin rafi har gindin itacen nan da tsawa ta raba. Ɗaya an soke ta a kan kabarin Baba, daidai wajen kansa, da lamba a jiki kamar buhun taki.

Na cire ta na karya. Na yanke ciyawar duk da haka, na zuba masa giyarsa, na gangaro gidan Inna.

Na tarar da takalman maza a bakin ƙofa. Wani mai tumbi da farin takalmi yana zaune a wurin zaman marigayi babanka, wayar Inna a kan cinyarsa, tsofaffi biyu na ƙauye suna gefe suna jiran yamma ta yi ka kira. Inna na tsugune a madafa tana soya musu wainar kabewa cikin zafin nan.

Na ce, "Kai ne Pyo?" Ya ce, "Ni ne, baiwar nan daga ina?" Na ce, "Ni ce Najun da kuke bi ta kanta." Ya yi dariya har da tafawa. Ya ce, "Af, ke ce mai gadar! Kin taimaki aikin nan ƙwarai, da kiran nesa ne da yayanki ya tsiyace kafin tsofaffin nan su sa hatimi. Kowannensu sai an yi masa wa'azin awa guda."

Na koma madafa na ce, "Inna, Yaya yana magana da ke kuwa?" Ta ce, "Yana yi mana. Yakan ce, Inna kin ci abinci? In ce na ci. Sai ya ce in miƙa wa baƙo." Na ce kin san abin da ake sa wa hatimi? Ta ce, "An ce hanya za a gyara zuwa tudu." Ta ce ita dai tana jin daɗi, gida ya cika da mutane kamar da.

Wannan ita ce hirar da na rasa masu sayen mai saboda ita. Wannan ce ta sa aka yi min dariya a layin kifi. Da wayata, da lambar da mijina ya yi shekara yana jiran a ba shi, aka yi cinikin ƙasar da ubana yake kwance a ciki, ni kuma kullum bayan na wanke kwanuka ina danna lambobi da hannuna ina buɗe muku ƙofa.

Kuma kada ka ce ka faɗa min. Ka rubuta "tsofaffinmu", ka ga na ɗauka rayayyu kake nufi, ka ga ina maganar ɗakin ƙasa da tuluna, ka yi shiru wata biyu. Wanda ya san an yi masa gurguwar fahimta ya ƙi gyarawa don ta yi masa amfani, me sunansa?

Daga nan gidan Baffa Gapsu na wuce. Bai yarda da ni ba. Ya ce, "Ɗan Mansu ba zai yi haka ba, ke dai kin ga tutar masu auna hanya." Ya ce maganar ƙasa ba ta 'ya'ya mata ba ce, in sha ruwa in kama motata. Na ce, "Baffa, ban ce ka yarda da ni ba. Gobe da yamma ka zauna kusa da wayarka. In ta yi ƙara ka ɗauka, kada ka ce komai sai mm." Ya dube ni ya ce, "Wayata ce za ta san abin da ban sani ba?" Na ce za ta sani.

Ban sa maka ko kalma ɗaya a baki ba, Yaya. Kazar da ke kwanci, kai ka ƙyanƙyashe ta. Lambar gidan Baffa kawai na danna a inda nake danna ta Inna, yadda ka koya min.

Sunana ba ya cikin masu faɗa a ji, gaskiya ne. Amma sunan ubana yana kan dutsen da aka soka wa tuta. Daga yau wayata ta daina tsallake ni. In kana son Yongam ka bi hanyar da kowa ke bi.

Jongnye

Gwangju, 29 ga Satumba, 1994

Jongnye,

Da fatan kin yi idi lafiya. Ni a kwance na yi shi, ciwon ciki ya tashi.

Tunda ba a bar ki kin shiga taron ba, gara ki ji daga wurina. Na gan ki a tsakar gida wajen tukwane, kin ga lokacin da na fito. An karɓe hatimin dangi daga hannuna a gaban yara ƙanana waɗanda na sa a makaranta. Baffa ya sa na durƙusa na nemi gafarar kakanni. Ina fata ranki ya yi sanyi.

Ga abin da nasararki ta haifar. Tudun kashi biyu ne a takarda. Na sama, inda manyan kakanni suke, ba a kai ga miƙa shi ba, Baffa ya hana, ya tsira. Na ƙasa, daga rafi zuwa tsagaggen itace, an riga an sa hannu tun Agusta, kamfani ya biya kafin alƙalami. Lauya ya ce warware shi sai an mayar da ninki biyu. Aka tambaya wa zai kawo nasa kason, kowa ya dubi tabarma. Baffanki da kika dogara da shi ya ce, "Na ƙasan ai ƙananan gidaje ne, kowa ya kwashe nasa." Kabari goma sha ɗaya ne a wurin, na mahaifinki yana ciki. An ba da wa'adi zuwa ƙarshen Oktoba.

Da kin bar ni, da duka za su tafi tare wuri guda, da dutse sabo, da mota ta musamman. Yanzu maganar maƙabartar Gwangju ta rushe, don kuɗin rabin tudu ba zai saya ba. Kin ceci waɗanda ba su san da ke ba, kin bar naki a waje.

Na san aikin tono yana buƙatar namiji daga dangi ya tsaya a kai. A da ni ne. Yanzu ban san ko ni ne ba, tunda an ce ban isa riƙe komai ba. Ki rubuto min ranar da mai duba ƙasa ya tsayar, zan ga yadda jikina yake.

Dusik

Naju, 30 ga Oktoba, 1994

Yaya Dusik,

Ina gaishe ka, da fatan cikin ya lafa. Ni lafiya. Sanyi ya fara shigowa, aikin barkono ya yi yawa saboda masu haɗa kabeji da barkono na ajiyar hunturu.

Na rubuto maka ranar, na sa Alhamis da manyan baƙaƙe don kada a ce ba a gane ba. Ba ka zo ba, ba ka aiko ba. To ga yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wani.

Sanggil bai samu izini ba. Na ɗauki ma'aikata biyu daga nan Naju, mijin mai kifin nan da ta yi min dariya shi ya ba da motarsa ya kuma tuƙa, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Muka isa da sassafe. Gangaren duk ramuka, waɗansu gidajen sun riga sun kwashe nasu, motar tona ƙasa tana tsaye a bakin rafi tana jiran mu gama. Daga dangin da na tsayar wa rabin tudu ba wanda ya leƙo. Baffa Gapsu ya aiko da kwalbar giya ɗaya da saƙon cewa ƙafarsa na ciwo.

Babban ma'aikacin ya ce, "Ina namijin da zai sanar da mamaci, ya fara saran ƙasa?" Na ce babu. Ya ce ba a yi haka ba. Muna cikin wannan sai ga Inna tana hawowa da sanda, ta ɗaura farin zanenta, ita kaɗai, tana hutawa a kan kowane dutse. Ta ji abin da ake ja a kai. Ta ce wa mutumin, "Kai, ba ta fartanyar. Shekara nawa tana yanke masa ciyawa bai ce ba ya so ba, yau ne zai ƙi ta?" Ya miƙo min. Na durƙusa na ce, "Baba, kada ka firgita, gida za mu canza." Na sara sau uku.

Aka kafa rumfar zane don kada rana ta taɓa Baba. Ƙasusuwan sun yi ja-ja, tsaf, ba ruwa ba saiwa. Ma'aikacin ya ce wuri ne mai kyau, da wuya a samu irinsa. Ka ji wurin da ka ce bai dace da su ba. Inna ce ta riƙa karɓa tana gogewa tana naɗewa a farar takarda, tana yi masa magana kamar yana zaune. Ta ce, "Ƙanina, ka yi haƙuri, ɗana ne. Ni na soya wainar da aka ci aka sayar da kai." Na ce Inna ki bari. Ta ce, "Ba zan bari ba, ai na ji komai yanzu. Kunne ɗaya ne ya toshe."

Ta ƙi a sa akwatin a bayan mota inda ake zuba kifi. A kan cinyarta ta riƙe shi tun daga Yongam har Naju. Dangin mijina sun ba ni gefen gonarsu, kusa da kabarin mijin nawa. Mutanen da ba su haɗa jini da Baba ba su suka ba shi ƙasa.

Ka ce na ceci waɗanda ba su san da ni ba. Haka ne, kuma in ka ɗauka zan ce na yi nadama, ka daina jira. Ba Baffa ya sa hannu a watan Agusta ba. Haushinsa daban, naka daban, kuma ina da wurin ajiye duka biyun.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na ɗauki biro. Inna ba ta koma Yongam ba. Gidan ya yi mata shiru tun da baƙinka suka ɗauke ƙafa, tsohuwar ɗakin baya kuma 'yarta ta zo ta tafi da ita. Na shimfiɗa mata a ɗakin Sanggil, wajen da ya fi ɗumi. Da rana tana zama a shago tana cire wa barkono hanci tana faɗa da masu saye a kan awo. Ta ce tun ranar da ka yi magana da Baffa ba ta sake jin muryarka ba, ko ranar taron dangi kanka a ƙasa ka wuce ta. Ta tambaye ni ko wayar ce ta lalace. Na ce wayar lafiyarta ƙalau.

Ba don kaina nake faɗa maka ba, ni ba ni da abin da zan ce maka a waya. Amma mahaifiyarka tana Naju yanzu, kiran gida ne daga inda kake. Duk yamma in muna cin abinci wayar ta yi ƙara, sai ta ajiye cokali ta goge hannu a zane tana kallona. Jiya sau biyu ta ajiye. Na farko mai gidan abinci ne yana son man riɗi, na biyu wani ne ya yi kuskuren lamba. Ba ta ƙarasa shinkafar ba.

Jongnye